Kundin Kakanka Ba Na Wuta Ba Ne

A wajen zaman makoki, cikin wata tsohuwar unguwa a birnin Katsina, na ji maganar da ta tsaya mini a rai. Wani dattijo malamin zaure ne ya rasu, ana zancen abin da ya bari. Sai ɗaya daga cikin jikokinsa, saurayi mai karatu da natsuwa, ya sunkuya ya ce wa ƙanin mahaifinsa: "Baffa, littattafan bugu mun ware su, za a kai masallaci. Waccan tsohuwar gafakar kuwa na leƙa, duk hatimai ne da zane-zane, tun jiya na sa mata wuta." Baffan ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana, ka raba mu da kaya." Jama'a suka gyaɗa kai, aka shafa fatiha.

Yaron bai karanta abin da ya ƙona ba. Ya ga gidaje-gidajen hatimi da jar tawada, nan take ya yanke hukunci. An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi, amma wannan tokar babu kasuwar da za ta karɓe ta.

Ga inda na tsaya. Tsofaffin takardun hannu, da rigunan layu, da mutum-mutumin yumɓu masu fuskar ban tsoro, da marin bayi, da takubban da tarihinsu ke ɗauke da jini, duk kayan nan da muke kau da kai idan mun gan su, a ajiye su, a buɗe su, a karanta, a nuna wa yara. Kada a ƙona, kada kuma a miƙa wa dillali. Sannan ba laifi ba ne mutum ya ga kyansu. Ni kam ina gani.

Abin da ke cikin gafaka

Duk wanda ya taɓa zama ya warware kundin tsohon malami ya san ba littafi ɗaya ba ne. Takardu ne warwatse, babu ɗinki, an haɗa su a tsakanin fata an ɗaure. A wannan shafi maganin harbin kunama, a bayansa lissafin bashin gero. Can a gefe, da ƙaramin rubutu, ga ranar da aka haifi wance, ga shekarar da fara ta sauka, ga sunan malamin da aka sauke littafi kaza a gabansa da wanda shi ma ya karanta a wurinsa. Akwai waƙar wa'azi da ajami wadda ba a taɓa bugawa ba. Akwai sunayen saiwoyi da sassaƙe na itatuwan da yanzu sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga guda. A wancan zamani mutanenmu ba su da ofishin rajistar haihuwa, ba su da jarida. Gefen shafi shi ne wurin ajiyarsu.

Ita kanta takardar tana da labari. Ɗaga ta a hasken rana, sau da yawa za ka ga alamar jinjirin wata guda uku a cikin jikinta. A arewacin Italiya aka yi irin wannan takarda, ta ƙetare teku zuwa Tarabulus, raƙuma suka ratso Sahara da ita har kasuwar Katsina. Wanda ya riƙe ta yana riƙe da shaidar cewa garin nan ya yi ciniki da duniya tun kafin Baturen mulki Lugga ya shigo a 1903.

Hatimin da ya firgita saurayin nan kuwa, bari mu dube shi da kyau. Mafi sauƙinsa gida tara ne, uku a tsaye uku a kwance. Jera 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta ko'ina ka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, 15 za ka samu. Mai gida biyar-biyar yana ba da 65, mai bakwai-bakwai 175. Malamai kan sa haruffa a madadin lambobin, shi ya sa wanda bai san lissafin abjadi ba, inda kowane harafi ke da lambarsa, yake ganin surkulle kawai.

Akwai Bakatsinen da duniya ta sani saboda wannan fanni: Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi. Ya bar ƙasar nan ya tafi aikin hajji, a 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan hanyoyin gina irin waɗannan hatimai masu gidajen mara, wato uku-uku, biyar-biyar da makamantansu. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Yau masu nazarin tarihin lissafi a Afirka suna ambatonsa da girmamawa. Ba zan ɓoye ba, mutumin ya kuma yi rubutu kan ɗalasimai da taurari, a littafinsa al-Durr al-Manzum. A zamaninsa fannonin a cakuɗe suke. Amma da magadan wancan zamani sun yi irin tunanin saurayinmu, da lissafin da ɗalasiman duk sun tafi a wuta ɗaya, da kuma Katsina ta rasa ɗaya daga cikin sunayen da take taƙama da su bayan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani.

"Ai sihiri ne, kuma sihiri haramun ne"

Haka ne, haramun ne, babu mai jayayya. A cikin wasu kundayen akwai abin da bai dace Musulmi ya aikata ba: farraƙu, da mallaka, da kiranye. Ban zo in wanke su ba.

Sai dai ajiye abu daban, aiki da shi daban. Alƙur'ani da kansa ya umarce mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. A Suratu Yunus, aya ta 92, Allah ya ce zai kuɓutar da jikin Fir'auna domin ya zama aya ga na bayansa. Amru ɗan Asi ya ci Masar da yaƙi wajen shekara ta 641, ƙasar ta zama ta Musulunci, ga Azhar nan fiye da shekara dubu, kuma dalar Giza da gumakan Fir'aunoni suna nan a tsaye. Za a ce mini ai da Manzon Allah (SAW) ya ratsa kufan Samudawa ya hana a shiga sai da kuka. Gaskiya ne. Wannan ya koya mana ladabin kallo, wato a duba da tsoron Allah, ban da shewa. Bai ce a rushe gidajen da suka sassaƙa a duwatsu ba, ga su nan har yau a Mada'in Salih.

Akwai labarin da ke cikin tsohon tarihin sarakunan Kano da ya kamata duk mai saurin kunna ashana ya sani. Kanawa suna da wani abu da ake kira Dirki, a naɗe cikin fatu, ana yi masa yankan shanu, ana tsoronsa shekara da shekaru. Sarki Alwali, na ƙarshe kafin jihadi, ya sa aka sare shi da gatari. Me aka tarar a ciki? Alƙur'ani. Masu ruwayar sun danganta faɗuwar mulkinsa da wannan aiki, wannan tasu ce. Abin da ni na ɗauka shi ne, Littafin Allah ma da aka naɗe shi aka hana buɗewa, mutane sun mai da shi abin yanka. Rufewa da tsoro su ke haifar da tsafi. Rigar layu da ke rataye a kuryar ɗaki, ana raɗa cewa kada yaro ya taɓa, tana da iko a zukatan mutanen gidan. Ka sa ta a bayan gilashi, ka rubuta a ƙasa cewa mayaƙan ƙarni na 19 sun sa irinta a ƙarƙashin sulke da lifidi suna fatan kibiya ba za ta huda su ba, kuma da yawansu kibiyar ta huda su, to ikon ya ƙare, saura ilimi.

Wani zai ce ƙona takarda mai ayoyi ai girmamawa ce, don kada ta faɗa ƙazanta. Na yarda, idan shafin bugu ne da ya yage, wanda akwai dubbansa a kasuwa. Rubutun hannun da babu irinsa ko'ina a duniya hukuncinsa ba zai zama ɗaya da wannan ba. Idan da gaske ana tsoron wani a gidan zai ɗauki fa'idar cutarwa ya yi aiki da ita, a fitar da kundin daga gidan a kai inda masana za su kulle shi. Cikinsa ne ke da haɗari ga mai mugun nufi, kuma mai mugun nufi a yau ba ya buƙatar kundin kakansa, wayarsa ta ishe shi.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke tankaɗe abin da za mu ƙyamata. Baƙo ya zo Daura, da alfahari za mu kai shi rijiyar Kusugu, mu ba shi labarin macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da yadda Bayajidda ya fille masa kai cikin dare, mu gaya masa takobin na nan a fada. Har ruwan rijiyar wasu ke ɗiba a gora su tafi da shi gida. Ban taɓa jin wanda ya ce a cike ta da ƙasa ba, kuma bai kamata a ce ba. To me ya sa abin da ke hannun sarauta ya zama tarihi, na gidan talaka ya zama shirka?

"Tonon asiri ne"

Wannan hujjar ta fi ta farko nauyi a wurina, don ta shafi mutunci, kuma Bahaushe ba ya wasa da rufin asiri.

Amma dubi fadar Katsina. Cikin kayan sarautarta akwai gajeren takobin nan da ake kira Gajere, wanda ruwaya ta ce da shi Korau ya yanka Sanau, sarkin ƙarshe na Durɓawa, bayan ya kayar da shi a kokawa da taimakon matar gidan da ta sace masa layunsa. Kirarin ma bai ɓoye ba: yanka mashidi, baƙon Sanau. Cin amanar mai masauki ne ƙarara. Duk da haka gidajen sarautar da suka biyo baya, na Haɓe da na Dallazawa da na Sulluɓawa, babu wanda ya jefar da takobin a rijiya. Sun fahimci cewa mulki yana da mafari, kuma mafarin ba kullum yake da tsabta ba.

Mari fa? Katsina ta yi ƙarnoni tana cikin manyan zangunan fataken Sahara, kuma cikin hajar da ke ƙetarawa akwai mutane. Sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya. Wannan ba nisa ba ne, kakannin wasunmu sun ga masu tabon ƙarfe a idon sawu. Mun zaɓi yin shiru, ba ma nuna wa yara marin mu ce ga abin da aka yi, kada a sake. Sai ga shi a watan Oktoban 2019 'yan sanda sun fito da mutane daga gidajen mari a Daura da cikin birnin Katsina, wasu da sarƙa a ƙafa, yara da manya, iyayensu ne suka kai su da hannunsu. Ba na cewa gidan tarihi kaɗai zai hana irin wannan. Ina cewa al'ummar da ta saba ganin mari a matsayin abin kunyar da aka wuce, za ta yi wuyar miƙa ɗanta a sa masa.

Kaburbura da fuskokin yumɓu

A nan ni ma jikina yakan yi sanyi. Tonon kabari ba abu ne da zuciyar Musulmi ke karɓa cikin sauƙi ba.

A ƙasar Mani akwai tuddan Durɓi ta Kusheyi, makabartar sarakunan farko na wannan yanki. Baturen mulki Palmer ya fara haƙa wurin a 1907, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A 1992 aka sake haƙa wasu tuddan a hukumance, daga baya aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara aka bincika. An samu kwanonin tagulla da suka fito daga ƙasashen Gabas, da wuri, da duwatsun ado, da awarwaron hauren giwa, da kayan zinariya. Wuri dai daga tekun Indiya yake zuwa. Ke nan shekaru ɗaruruwa da suka wuce, masu mulkin wannan daji suna da hanyar da ke kawo musu kaya daga Masar da bayanta. Saboda an yi haƙar da tsari, an auna, an rubuta me ke kusa da me, shi ya sa muka san wannan.

Kwatanta da abin da ya sami mutum-mutumin gasasshen yumɓu da duniya ke kira da sunan Katsina. Ana ƙiyasta shekarunsu da kusan dubu biyu, sa'o'in irinsu da aka tono a Nok ta kudancin Kaduna. Yawanci mutum ne a zaune bisa wata tukunya, hannuwa a kan gwiwa, idanu a lumshe kamar mai jin barci ko mai tuna wani baƙin ciki. Na daɗe ina kallon hotunansu. Babu murmushi, babu ƙawa, kai ya fi jiki girma, amma wanda ya gina su ya san fuskar ɗan Adam, ya san yadda gajiya ke sauka a kafaɗa. Ba sai abu ya yi kyan amarya ba kafin ya zama gwaninta. Mai kiɗan garaya ma ba don nishaɗi kaɗai yake taɓa zuciya ba.

To kusan dukkansu masu haƙar ɓoye ne suka fito da su, aka loda a buhu, aka tsallaka iyaka, suka ɓulla a shagunan Faris da Burasal. A shekara ta 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata, tare da na Nok da na Sakkwato. A shekarar ce kuma aka yi ta cece-kuce da aka ga irin waɗannan kaya na Nok da Sakkwato a gidan tarihin Louvre da ke Faris, har daga baya Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su aro na shekara 25. Wanda ya haƙo ya karɓi abin da bai kai kuɗin tunkiya ba. Ramin da aka ciro su an tarwatsa shi, gawayi da ƙasusuwa da fasassun tukwanen da za su faɗi su wane ne mutanen duk an watsar.

Saboda haka zaɓin da ke gabanmu ba tsakanin a tona ko a bari ba ne, don masu tonawa ba su jira izininmu ba. Ƙyamar da muke nunawa ita ce ta sauƙaƙa wa ɓarawo aiki. Manomin da garmarsa ta tono kan yumɓu, idan an koya masa cewa gunki ne, najasa ne, ko dai ya farfasa shi ko ya sayar da shi da murnar rabuwa da ƙaya.

"Ana fama da tsaro da tsadar abinci"

Na sani. Wanda aka kora daga ƙauyensa a Batsari ko Jibiya ba ya tunanin gafaka, kuma ba shi nake yi wa magana ba. Da masu zaune lafiya cikin gari nake, waɗanda kayan ke cikin ɗakunansu yanzu haka gara na ci.

A Tumbutu ma ba lokacin jin daɗi aka ceci littattafai ba. A watan Janairun 2013 masu ɗauke da makamai sun ƙona ko sun kwashe rubuce-rubuce sama da 4,000 a Cibiyar Ahmad Baba, amma dubban ɗaruruwa sun tsira saboda iyalai da masu kula da ɗakunan karatu sun riga sun zuba su a akwatunan ƙarfe sun sulale da su Bamako, wasu a mota wasu a kwalekwale.

Abin da ake buƙata a wurinmu bai kai haka ba. A ɗaga gafaka daga ƙasa, a nisanta ta da bango mai danshi da rufin da ke yoyo. Kada a manna wa takardar salatif, kada a kai ta a rufe ta da roba mai zafi irin ta katin shaida, wannan kashe ta ne. Kada a sauya jerin shafukan, domin babu lamba a jikinsu, kalmar da marubuci ya sa a ƙasan kowane shafi ce kaɗai ke nuna wanda ke biye. A shimfiɗa su a inuwa, a ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya da waya, a tura wa 'yan'uwa biyu ko uku. Aikin yini guda ne. Sannan a nemi mai iya karanta tsohon rubutun Magaribi da ajami tun suna raye, don su ma suna ƙarewa.

Mai tunanin sayarwa ya sani cewa dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa a 1979 ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda aka ba izini, ta kuma hana fitar da su waje. Amma doka ba ta ciyar da kowa, kuma mutane da dama suna tsoron idan sun kai abu hukuma shi ke nan sun rabu da shi. Tsoron yana da dalili. Abin da zai kawar da shi shi ne a ba mai kaya rasit da hoton kayansa, a rubuta sunan gidansu a jikin abin da aka baje, a bar masa damar ajiya ta amana wadda zai iya karɓa in ya so. Gidan tarihi na ƙasa da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, duk suna iya yin wannan. Bayanin da za a liƙa kuma a rubuta shi da Hausa, boko da ajami, domin tsohuwar da ta ba da rigar mijinta ta iya jin abin da aka ce a kanta.

Sai maganar rabon gado, inda aka fi yin ɓarna ba tare da mugun nufi ba. Littafin hannu mai shafi 300, magada shida, sai a ƙirga takardu a raba, namiji ya ɗauki ninki biyu na mace, kowa ya tafi da guntun da ba shi da farko ba shi da ƙarshe. An cika lissafi, an kashe littafi. Ba a raba doki haka, kimanta shi ake yi. Malamai da alƙalan da ke zaman rabo su riƙa tambaya tun farko ko mamacin ya bar rubutun hannu, a yi masa kima, mutum ɗaya ya riƙe ya biya saura, ko magada su amince a mai da shi waƙafi a rubuta sunan mai riƙo da shaidu biyu.